Man da Don Zenón Bai Zuba Ba

Don Zenón Ticona ya zuba wa sabuwar bas ɗin Rosenda Limachi baƙin mai mai kauri, irin wanda yake ɗura wa tsofaffin manyan motoci, bai kuma gaya mata ba.

Ba man da ta kai masa ke nan ba. Da lokacin juyen mai na farko ya yi, ita da kanta ta je wurin wanda ya sayar mata da motar, ta karɓo galan biyu na man da ya ce shi kaɗai injin yake sha. Mutumin ya ja mata kunne sosai. Ya ce hanyoyin mai a cikin injin nan ba su fi kafar allura ba, mai kauri ba ya ratsa su, balle a sanyin garinmu El Alto da ke kan tsauni. Rosenda ta ɗaura wa kowane galan jan zaren ulu a mariƙi, yadda take ɗaura wa buhunan dankalinta a kasuwa don kada su shige cikin na mutane. Ta goya su a zane ta kai gareji.

Ba ta da wani garejin zuwa in ba nasa ba. Don Zenón ne ya riƙe ɗanta Efraín a coci yana jariri, shi ne kuma ya fara sa almakashi a kansa ranar askin farko. Tun daga nan suka zama compadre da comadre, kuma a wurinmu wannan ya fi jini nauyi. Ɗan'uwa ana zaginsa da safe a ci abinci tare da rana. Compadre ba a ɗaga masa murya, ba a tsallake ƙofarsa a kai aiki wani wuri.

Tsohon ya ɗaga galan ɗaya ya girgiza shi kusa da kunnensa.

"Comadre, mai ne wannan ko shayi?"

"Shi suka ce a zuba, compadre."

"Suka ce! Yaran da ba su taɓa kwana a ƙarƙashin mota ba. Je ki kasuwarki, masu saye suna jira."

Ta tafi. Shi kuma ya tura galan ɗin bayan tsofaffin tayoyi, ya ɗebo nasa daga duro, mai danƙo kamar zuma, ya cika injin. Da shi ya raya motocin da suka girmi Efraín, a ganinsa kuma gata ya yi wa motar. Bai karɓi ko kwabo ba. Da yamma har giya ya saya ya yayyafa wa tayoyin huɗu, ya yi wa motar fatan tafiya lafiya.

Efraín ne direban. Don shi aka sayi bas ɗin. Rosenda ta yi shekaru tana zama a kan siminti mai sanyi tana auna dankali, don kada ɗanta ya ƙare rayuwarsa yana tuƙa motar wani. Mutum ne mai mata da ɗiya, ba mai surutu ba. Bayan juyen da 'yan kwanaki ya same ta tana shan kunun masara kafin ta fita.

"Mama, muryar injin ta canza. In na tashe shi da safe yana ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Sai ya yi zafi yake yin shiru."

"Tun yaushe?"

"Tun da ta fito daga wurin padrino, ubana na coci."

Ta dire kofin.

"Kada in sake ji. Mutumin da ya riƙe ka a coci? Kana tsumma yana kwance inji yana ɗaurawa. In akwai matsala, a ƙafarka take."

Efraín bai sake tayar da maganar ba.

Sanyi ya shigo da ƙarfinsa, irin wanda ruwa yake daskarewa a bokiti. Wata safiya, bas cike da ma'aikata masu gangarawa birnin La Paz, injin ya yi wata ƙara, ya shaƙe, ya mutu a tsakiyar titi. Fasinjoji suka sauka suna zagi. Aka ja motar da igiya zuwa garejin Don Zenón.

Rosenda ta bar dankalinta a hannun maƙwabciya ta zo da gudu, malfarta a hannu. Ta tarar ya buɗe kan injin. Ƙarafan sama sun ci juna, sun yi shuɗi, sun bushe ƙayau kamar ba su taɓa ganin mai ba. Don Zenón ya daɗe yana kallo. Ya goge hannunsa da tsumma, ya sake gogewa.

"Me ya same ta, compadre?"

"An ci zalinta."

"Wa?"

Bai dubi Efraín da ke tsaye a gefe ba. Rufin kwano ya duba.

"Yaran yanzu ba su da haƙuri, comadre. Mutum ya tashi mota cikin sanyi ya taka mata totur kamar ana binsa. Ni dai ban kama suna ba."

Ba sai ya kama ba.

Abin da Rosenda ta yi bayan nan, ta yi shi ne a tasha, da rana tsaka, direbobin layin duka suna zaune suna cin abinci. Ta tarar da Efraín tsaye a gefe, ta fizge makullin daga hannunsa, ta ɗauke shi da mari. Ta ce masa ya cinye mata gwiwoyi da baya, ya ƙone su a titi. Ta ce da jaki ta ba motar da ya fi shi tausayinta. Ta faɗi wasu abubuwan da ba a maimaitawa. Efraín ya tsaya hannuwansa a gefe, kuncinsa ya yi ja. Da ta gama ya juya ya tafi.

Kafin mako ya zagayo an laƙaba masa suna.

"Ga Mahaucin Inji nan! Ku ɓoye makullanku!"

"Efra, zo ka tashi tawa mana, ta gaji da duniya!"

Babu mai motar da ya yarda ya ba shi sitiyari ko na yini ɗaya. Don Zenón ya faɗa, kuma maganar Don Zenón a kan inji ba a ɗora mata wata. Efraín ya kwashe matarsa da ɗiyarsa daga gidan uwarsa ya kai su wurin surukansa. Labari ya iso wa Rosenda a kasuwa cewa zai tsallaka iyaka ya nemi aikin ɗinki a São Paulo, inda mutanenmu suke tafiya su daɗe ba a ji ɗuriyarsu ba. Ta ce ya tafi. Ta faɗi haka da ƙarfi don layin masu dankali duka ya ji.

Motar tana garejin, kuma wanda yake maka aiki kai kake ciyar da shi. Ran Alhamis Rosenda ta dafa miyar busasshen dankali da naman rago ta kai. Don Zenón ya fita neman kayan gyara, sai ta zagaya cikin gida wurin matarsa. Doña Basilia tana zaune a tsakar gida cikin rana, ta kifa keken ɗinkinta tana ɗiga masa mai da gashin kaza.

"Shigo, comadre, zauna. Kin ga tsohon nan nawa, ya fara kuka kamar ni."

A gefen ƙafarta akwai galan, an huda bakinsa. A mariƙinsa akwai jan zaren ulu.

Rosenda ta tsaya da tukunya a hannu.

"Ina kika samu wannan?"

"Zenón ya ba ni. Wai wani shirme ne aka kawo masa, ba shi da amfani sai ga keke da ƙyauren ɗaki. Yana da kyau kuwa, ba ya kama zare. Akwai ɗaya ma can bayan tayoyi, ko buɗe shi ba a yi ba. Kina so?"

Rosenda ta ajiye tukunyar a ƙasa a hankali, don ta ji hannunta yana so ya jefar da ita. Ta je bayan tayoyin. Yana nan, ƙura ta rufe shi, murfinsa a liƙe yadda ya fito daga shago. Ƙullin zaren nata ne, ƙulli biyu da ɗan wutsiya. Ta tuna safiyar da Efraín ya ce muryar injin ta canza. Ta tuna tafin hannunta a kan kuncinsa.

Tana tsaye da galan ɗin a hannu Don Zenón ya shigo. Ya gan ta, ya ga abin da ta riƙe. Bai ko rage tafiya ba.

"Kin kawo abinci, comadre? Allah ya saka."

"Compadre, me ka zuba wa motata?"

"Mai."

"Wanne?"

"Mai kyau. Wanda nake zuba wa kowa."

"Na kawo maka nawa."

"Kin kawo mini ruwa. Da na zuba wannan, da tun a hawan farko ya tsiyaye. Gata na yi miki, ban kuma karɓi kuɗinki ba."

Tun tana yarinya ba ta taɓa jin irin wannan wutar a ƙirjinta ba, amma ta riƙe muryarta ƙasa, don har yanzu compadre ne.

"Ka buɗe injin nan da hannunka. Ka ga saman a bushe. Ka san dalili."

"Na san abin da na sani."

"Ka tsaya a nan ka bar ni na tafi tasha na mari ɗana. Ɗanka. Kai ka aske shi."

"Ni na ce ki mare shi? Na kama suna?"

"Ba ka kama ba. Rufi ka kalla."

Ya jefa kayan da ya sayo a kan benci.

"Saurara, comadre. Injin nan zan tashe shi. Kayan duka a kaina, aikin a kaina. Zai fi sabo. Me kuma kike so?"

"Ba maganar inji nake ba. Ka zo tasha ka faɗa da bakinka cewa manka ne. Gaban waɗanda suka ji na zage shi."

Ya yi wata gajeriyar dariya.

"In tsaya gaban yaran da na koya wa riƙe sifana in ce ban san mai ba? Rabin motocin layin nan a hannuna suke numfashi."

"Zai bar ƙasar, compadre."

"Yaro ne. Zai huce."

Ta ɗaure galan ɗin a zanenta ta goya. Ta bar tukunyar inda take.

Daga nan gidan surukan Efraín ta nufa. Ba ta taɓa taka gidan ba tare da an gayyace ta ba. Ta same shi a bakin ƙofa yana ɗinke hannun wata tsohuwar jaka, ɗiyarsa tana wasa da igiyar takalminsa. Ta sauke galan ɗin a gabansa ta gaya masa komai, a tsaye. Da ta gama ta cire malfarta.

"Ka yafe mini, ɗana. Ka faɗa mini, na hana ka magana."

Ya daɗe yana kallon zaren.

"Na yafe, Mama. Amma a nan kike faɗa, babu kowa sai ni da yarinya. A tasha kika mare ni."

"Zan je tasha in faɗa."

"Ki faɗa. Su ce uwa ce ta huce tana wanke ɗanta. Wa zai ɗauki maganar mai dankali ya bar ta padrino? Ko ke ba ki ɗauki tawa ba."



"Ran Lahadi da yamma motar São Paulo take tashi," in ji shi. Ya ci gaba da ɗinkinsa.

Don Zenón ba wawa ba ne. Ya san abin da ake yi in compadre da comadre suka saɓa, ya kuma riga ta. Ran Asabar ya aiko Don Hilarión, shugaban direbobin layin, da kansa, ya ce ana roƙonta ta zo tasha gobe bayan coci, za a gyara tsakani. Rosenda ta san me ake nufi. Za a shimfiɗa zane, a zuba ganyen koka da ake taunawa, a buɗe giya. Mai neman sulhu zai miƙa kofi. In ka karɓa ka zuba wa ƙasa rabonta ka sha, magana ta mutu. Ba a sake tono ta, ko a gida, ko a gaban alƙali, ko a bakin kabari. Wanda ya tono ta bayan ya sha, shi ne mara mutunci.

Ta kwana tana juyi. Da safe ta sa siket ɗinta na biki da mayafi mai geza, ta goya galan ɗin a baya kamar jariri.

Tasha ta cika. An jera akwatunan giya, an shimfiɗa zanen a kan teburin da ake rubuta layi. Don Zenón ya sa kwat, ya wanke hannunsa har baƙin farcen ya ragu. Doña Basilia tana bayansa, idonta a ƙasa. Can ƙarshen taron, jikin bango, Rosenda ta hango Efraín da jakarsa a kafaɗa. Wani ya ce, "Mahauci ma ya zo shan ta kyauta," aka yi dariya, Don Hilarión ya ɗaga hannu aka yi shiru.

Don Zenón ya yi magana, kuma ya iya magana. Ya ce shi da comadre sun fi shekarun wasu a nan suna tare. Ya ce an samu ɗan saɓani, irin wanda ake samu a kowane gida. Ya ce motar zai tashe ta da kuɗinsa, saboda yaron ɗansa ne, kuma kuskuren yaro uba ne yake ɗauka. Direbobi suka gyaɗa kai. Wani ya ce, "Dattijo ke nan."

Kuskuren yaro. Rosenda ta ji kalmar ta shige ta kamar ƙusa.

Don Zenón ya cika kofi, kumfa ta zubo a kan yatsunsa. Ya miƙa mata da hannu biyu.

"Comadre."

Ta kwance zanen bayanta. Ta ɗora galan ɗin a tsakiyar ganyen koka, ta juya shi yadda kowa zai ga murfin.

"Kun san zaren nan," ta ce. "Duk wanda ya taɓa ɗauko mini buhu ya san shi. Wannan man na kai a yi juye da shi. Ga shi ko buɗewa ba a yi ba. Compadre, gaya musu me ka zuba."

Wani direba mai sabuwar mota ya matso ya duba galan ɗin, ya dubi tsohon, ya koma baya yana sosa ƙeya.

"Ba wurin wannan maganar ba ne nan," in ji Don Zenón. Hannunsa yana miƙe.

"Nan ne wurinta. A nan na mare shi, daidai inda kake tsaye."

"Na zuba mai mai kyau."

"Na duro?"

Jijiyar wuyan tsohon ta tashi.

"Doña Rosenda," in ji Don Hilarión a hankali, "ba a barin hannun compadre a miƙe. Mutane suna kallo. Karɓi ki sha, sauran a yi shi a gida."

"In na sha, akwai sauran?"

Don Hilarión ya kawar da kai.

Ta san abin da take shirin yankewa. Ba za ta sake shiga gidan nan ba. Doña Basilia, wadda ta riƙe ta ranar da aka binne mijinta, ba za ta sake gaishe ta a hanya ba. Za a ce da ita matar da ta kunyata compadre a bainar jama'a, kuma sunan zai bi ta har layin dankali. Motar ma sai ta nemi mai ja ya fitar da ita daga garejin a mace. Ta dubi bango. Efraín ya sauke jakar daga kafaɗarsa, ya riƙe ta a hannu, yana kallonta.

"Kalma ɗaya, compadre," ta ce. "Ka ce manka ne, in shanye kofin nan har ƙasa."

Giya tana ɗiga daga kofin a kan takalmin tsohon. Ya buɗe baki. Ya dubi direbobin, ɗaya bayan ɗaya, waɗanda ya yi wa juye tun suna yaran mota. Ya rufe bakin. Ya ƙara matso da kofin har ya kusa taɓa mayafinta.

"Sha, comadre."

Rosenda ta mayar da hannuwanta biyu cikin mayafi.

"Ba zan sha ba."